Wa ke da ƙarfi a jami'a? Daga sule biyar na 1978 zuwa lambar wayar "wani babba"

1/ Jama'a, zaren nan yana da ɗan tsawo, ku gyara zama. Wani dare aka ɗauke wuta a hostal, mu shida a ɗaki muna fifita da kwali, sai na jefa tambaya: a makarantar nan, cikin ɗalibai, wa ya fi kowa ƙarfi? Amsoshin da na samu su suka sa na shafe hutun nan ina tonon tarihi. 🧵

2/ Na farko ya ce ɗan gidan wani mai kuɗi da ke shigowa da mota, masu gadi na ɗaga masa hannu tun daga nesa. Na biyu ya ce wakilin aji, tunda shi ke da lambar kowane lakcara, daga bakinsa ake jin an ɗaga gwaji ko ba a ɗaga ba. Na uku ya ce Amir ɗin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, don in ya yi kira masallaci cika yake.

3/ Na huɗu ya ce wata yarinya a sashenmu mai dubban mabiya a TikTok, wai in ta ɗauki bidiyon banɗakin hostal, washegari za ka ga masu gyara. Na biyar ya yi dariya ya ce duk shirme kuke, mai ƙarfi shi ne wanda ya san wani a ofishin jarrabawa.

Ba wanda ya ambaci ƙungiyar ɗalibai. Ni kaina da na yi tambayar ba ta faɗo min ba.

4/ Da na je gida sai na ba kawuna labari. Shi a Samaru ya yi karatu, ƙarshen shekarun 1970. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni ya ce, "Ɗana, a zamaninmu in ka yi wannan tambayar ba sunan mutum za a ba ka ba. Cewa za a yi: mu." Na ɗauka cika bakin tsofaffi ne. Sai na je na karanta.

5/ Mu fara daga tushe. Tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a ƙasar nan, ɗalibanmu da ke Landan suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925, da jagorancin Ladipo Solanke. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan. A 1956 aka kafa NUNS, uwar ƙungiyar ɗaliban Najeriya. Ku riƙe sunan nan, zai dawo.

6/ Gwajin farko bai jima ba. Ana samun 'yanci a Oktoban 1960, sai ga yarjejeniyar tsaro tsakanin Najeriya da Ingila, wadda za ta ba sojan Ingila damar amfani da sararin samaniyarmu da filayen jiragenmu. Ɗalibai suka ce ai wannan mulkin mallaka ne ya canza riga. A watan Nuwamba suka yi dafifi zuwa majalisa a Legas.

7/ A Janairun 1962 gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar. Tsakani da Allah ba ɗalibai kaɗai suka yi aikin ba, 'yan adawa da jaridu ma sun yi ta suka. Amma abin da ya zauna a zukatan ɗaliban lokacin shi ne: mun fito, gwamnati ta janye. Da wannan tunanin a iska aka buɗe ABU a Zariya, a Oktoban wannan shekarar.

8/ To ga abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da Kawu ya faɗa. Ya ce ƙarfinsu daga kafteriya ya fito. A lokacin jami'a ce ke ciyar da ɗalibi, safe da rana da dare, da tikiti mai rahusa saboda gwamnati na sa tallafi. Ɗan sarki da ɗan manomi, Bahaushe da ɗan Tibi da Bayarabe, layi ɗaya suke bi, tire iri ɗaya suke ɗauka.

9/ Ku yi tunani. In miya ta tsinke yau, ɗalibi nawa ne za su sani cikin sa'a guda? Dukkansu. Ba sai an tura a WhatsApp ba. Sau uku a rana kowa na haɗuwa da kowa, ana ci ana gardama, mai magana ya hau kan tebur ya yi. Majalisa ce da ba wanda ya kira, kuma ba mai iya hana ta zama, tunda dole a ci abinci.

10/ Shi ya sa in ka bi tarihin, da abinci za ka yi ta cin karo. Ranar 1 ga Fabrairun 1971, a Jami'ar Ibadan, 'yan sanda suka harbe Kunle Adepeju a wata zanga-zanga da ta samo asali daga ƙorafi kan yadda ake tafiyar da abincin wani hostal. Shi ake lissafawa a matsayin ɗalibi na farko da aka kashe haka a harabar jami'a a Najeriya.

11/ Sai 1978. Mulkin soja ne, na Janar Obasanjo, kuɗin mai ya fara ja baya. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar da ƙarin kuɗin abinci daga naira 1 da kwabo 50 a rana zuwa naira 2. Sule biyar kenan. Eh, na san kuna dariya, yau ko ruwan leda ba za ka saya da shi ba. Amma ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne a tashi guda, kuma naira a lokacin ta fi dala daraja.

12/ Kwamishinan ilimi na tarayya shi ne Kanar Ahmadu Ali. NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ta nemi a janye ƙarin. Aka yi ta magana ba a daidaita ba. A tsakiyar Afrilu suka kira ƙaurace wa aji a duk faɗin ƙasa. Takensu shi ne Ali Must Go, wato dole Ali ya sauka. A bakin mutanen gari ya koma "Ali Mungo".

13/ Ku lura fa, jami'o'i 13 ne kacal a ƙasar a lokacin. Babu wayar hannu, babu intanet. Saƙo a mota yake tafiya, cikin jakar ɗalibi, a takardar da aka kwafa da inji. Duk da haka daga kudu har arewa aka amsa kira, saboda sule biyar ɗin nan daga aljihun kowa zai fita, ba ruwansa da yarenka ko addininka.

14/ A Legas aka fara zubar da jini, aka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin Jami'ar Legas. Labari na isa Samaru ɗaliban ABU suka fito. Aka turo sojoji, aka buɗe wuta, kuma a Zariya aka fi asarar rayuka. Kawu bai tsawaita a nan ba. Ya ce shi dai ya tsinci kansa a gonar wani a bayan gari da takalmi ƙafa ɗaya. Daga nan ya canza hira.

15/ Sakamakon fa? Ba a janye ƙarin ba. An rufe jami'o'i, an haramta NUNS, an kori Okeowo daga makaranta, an sallami wasu malamai. Shugabannin jami'o'in Legas da ABU, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, duk sun bar kujerunsu a shekarar. Da ƙwallo ake bugawa, sai a ce gwamnati ta ci wasa.

16/ Amma a wurin ɗalibai wani lissafin ne daban: yara marasa makami sun hana gwamnatin soja barci har sai da ta fito da sojoji. Shekara biyu bayan haka, a 1980, aka kafa NANS a madadin NUNS. Shi kuwa Ali, daga baya har shugabancin PDP na ƙasa ya riƙe, daga 2005, a mulkin Obasanjo na farar hula. Duniya kenan.

17/ Bayan tukunya ɗaya, tushen ƙarfi na biyu shi ne baki, wato iya hujja. ABU ta wancan lokacin tana da malamai irin su Dakta Yusufu Bala Usman a sashen tarihi, da Patrick Wilmot ɗan Jamaika a sashen nazarin zamantakewa. Da PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, Bala Usman har sakataren gwamnatin Kaduna ya zama. Gardamar aji na isa gidan gwamnati.

18/ Na tambayi Kawu wa ake ji da shi a cikinsu. Ya ce wanda ya yi karatu, ya iya tsayawa gaban taro ya kare maganarsa ba tare da ya duba takarda ba. Ko da rigarsa biyu ce, kowa ya san sunansa. Ya ce masu mota akwai su, amma ba a zuwa taron ƙungiya da ita, kar a kira mutum ɗan jari-hujja a gaban 'yan mata.

19/ Kar mu shafa musu hoda da yawa dai. Su ɗin 'yan tsiraru ne da gwamnati ke ciyarwa alhali a ƙauyuka da yawa ko firamare babu. Mata kaɗan ne a cikinsu, musamman daga arewa. A zanga-zanga akan fasa motar wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma wasu daga cikin masu hawa tebur ɗin nan su ne suka zama manyan da muke kuka da su yau.

20/ To ya aka yi "mu" ɗin ta watse? Ba rana ɗaya ba ne. Matakin farko, a 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta janye tallafin ciyar da ɗalibai. Kafteriya ta koma hannun 'yan kasuwa. Kowa ya nemi rishonsa da tukunyarsa, ko ya bi mai abinci a bakin get. Mai hali ya ci kaza, mara hali ya jiƙa gari a ɗaki ya rufe ƙofa. Yunwa ta zama sirrin kowa.

21/ Duk da haka wutar ba ta mutu nan take ba. A 1986, zamanin Babangida, ɗaliban ABU suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Hukumar makaranta, a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi, ta ce maza sun shiga Amina Hall, hostal ɗin mata, abin da doka ta hana. Aka hukunta shugabannin ƙungiyar ɗalibai. Ɗalibai suka ce ba su yarda ba.

22/ Ranar 23 ga Mayun 1986 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. Ku duba abin: an taru don tunawa da waɗanda aka harbe, aka ƙare da sababbin gawawwaki a wuri ɗaya, bayan shekara takwas. Zanga-zanga ta bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasar.

23/ Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Ango Abdullahi ya bar kujera, amma ita ma NANS aka haramta ta. Daga nan aka juya kan malamai, ana zargin wasu da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. A 1988 aka kama Wilmot aka sa shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar. An taɓa tukunya, yanzu an taɓa baki.

24/ Babban tashi na ƙarshe irin na da shi ne na Mayun 1989, kan shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda ya karya darajar naira ya sa kaya tsada. Daga Jami'ar Benin aka fara, 'yan kasuwa da marasa aiki suka shigo, ya kai Legas da wasu garuruwa. An kashe mutane, an rufe jami'o'i, sai kuma gwamnati ta fito da wasu matakan rage raɗaɗi.

25/ A wannan shekarar aka kafa dokar soja mai lamba 47 kan harkokin ƙungiyoyin ɗalibai. Ta mai da shiga ƙungiya ganin dama, ta kuma buɗe ƙofar dakatar da ƙungiya ko korar ɗalibi in hukuma ta ga abin da ba ta so. Tun daga nan ƙungiya ta zama baƙuwa a gidanta. In ta yi shiru a bar ta, in ta ɗaga murya a rufe ofis a naɗa kwamitin riƙo.

26/ Mu ɗan leƙa maƙwabta, don 'yan uwanmu na Nijar a daidai wannan lokacin suna cikin irin wannan hali, matsin tattalin arziki da mulkin soja. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka taso daga jami'ar Yamai za su tsallaka gadar Kennedy zuwa cikin gari. Jami'an tsaro suka yi harbi, aka kashe ɗalibai 3.

27/ Jinin nan bai tafi a banza ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suka mara wa ɗalibai baya, matsin lamba ya ƙaru kan Janar Ali Saibou, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991, wanda ya buɗe hanyar mulkin jam'iyyu da yawa. Ɗalibai da wakilansu aka zauna a taron. Har yau ana tunawa da ranar 9 ga Fabrairu a Nijar. Mu nan, nawa ne cikinmu suka san 23 ga Mayu?

28/ Mu dawo gida. Da ƙungiya ta yi rauni, ƙarfin bai ɓace ba, rarrabuwa ya yi. Wuri na farko da ya koma shi ne ƙungiyoyin addini. MSS tun 1954 take, ga kuma FCS ta ɗalibai Kirista. A ba su haƙƙinsu: su ke tarbar sabon ɗalibi, su ke shirya darasin bita kyauta, su ke haɗa kuɗi in wani ya kwanta asibiti. Dole a ji maganarsu.

29/ Sai dai wannan ƙarfi ne na ɓangare. A Maris ɗin 1987, rikicin da ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya fita daga makaranta, ya kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka rasa rayuka. Shekara tara kacal bayan ɗalibai sun gudu tare daga harsashi ɗaya a Samaru.

30/ Wuri na biyu: ƙungiyoyin 'yan jiha da na ƙaramar hukuma. Ta nan kuɗin tallafin karatu ke biyowa, ta nan ake ganin kwamishina. Ku tuna zaɓen ƙungiyar ɗalibai na ƙarshe a makarantarku. Da me aka nemi ƙuri'arku? A tamu dai ban ji wanda ya yi maganar ruwa ko kuɗin rajista ba. "Namu ne, ɗan jiharmu ne, a taimaka." Shi kenan manufa.

31/ Wuri na uku, wanda ya fi ƙamari a kudu: ƙungiyoyin asiri. Asalin abin a 1952 ne, lokacin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a Ibadan don adawa da girman kai da ƙabilanci. Rassan da suka ɓalle daga baya suka koma makami da tsoratarwa. Ranar 10 ga Yulin 1999 aka kashe ɗalibai 5 a jami'ar Ife, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai, George Iwilade.

32/ Wuri na huɗu ya zo da dimokuraɗiyya a 1999. Soja dukan ɗalibi yake yi, ɗan siyasa kuwa kiransa yake ya ba shi ambulan. Wallahi na biyun ya fi aiki. "Kwamared" ya zama matakin farko na neman muƙamin mataimaki na musamman. Ana yawo da allon karramawa daga ofis zuwa ofis. NANS kanta ta sha darewa gida biyu ko fiye, kowane ɓangare da shugabansa.

33/ Ƙara da yawa. Daga jami'o'i 13 yanzu sun haura 250, na tarayya da na jiha da masu zaman kansu. Hostal ba ya ɗaukar kowa, da yawanmu a cikin gari muke haya ko muke zuwa daga gida. Ana gama lakca kowa ya nemi adaidaita sahu. Aji ɗaya za ku yi shekara huɗu da mutum ba ka san sunansa ba, balle ka san ko ya karya kumallo.

34/ In kana son auna ƙarfinmu na yanzu, dubi 2022. ASUU ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas muna gida. NANS ta tare hanyar Legas zuwa Ibadan da hanyar filin jirgin Legas a Satumba, a yaba musu. Amma umarnin kotu da sulhun shugaban majalisar wakilai, Femi Gbajabiamila, su suka rufe maganar. A kanmu ake rigimar, ba mu da kujera a teburin.

35/ A 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, wasu fiye da sau biyu. Me yawancinmu muka yi? Kowa ya kira kawunsa. Aka shiga neman sanatan da ke biya wa 'yan mazaɓarsa, ana rububin shiga jerin sunaye. A 2024 aka buɗe bashin karatu na NELFUND, muka koma can. Wasu abokanmu ba su dawo ba, kuma ba wanda ya ƙirga su.

36/ Yanzu mu koma ɗakinmu na hostal. Dubi amsoshin nan biyar: mai mota, wakilin aji, Amir, 'yar TikTok, mai hanya a ofishin jarrabawa. Kusan duk abu ɗaya suke nunawa. A idonmu mai ƙarfi shi ne wanda zai iya isa wurin na sama. Su Kawu ƙarfi a wurinsu shi ne a sa na sama ya sauko ya saurari kowa. Mu kuma a samu a haura a gyara na kai.

37/ Ba wa'azi nake ba, nima ina ciki. A aji biyu sakamakon wani kwas bai fito mana ba, mu 14. Mun zauna jarrabawar, mun sa hannu a takardar halarta, amma a allo ba komai. Muka buɗe guruf, muka ce za mu rubuta takardar koke tare mu kai. Kwana biyu ana jan ƙafa, kowa na tsoron sa sunansa a farko kar a yi masa alama.

38/ Sai na tuna yayana yana da abokin da ya san wani ma'aikaci. Kira ɗaya aka yi. Cikin kwana huɗu makina ya fito. Na yi shiru a guruf ɗin, daga baya na sulale na fita. Na ji wasu ma sun bi tasu hanyar. Waɗanda ba su da kowa sai da suka sake kwas ɗin, ɗaya ma ya ƙara shekara saboda shi.

39/ A ranar ji na yi ni wani ne. Sai da nake karanta labarin 1978 kunya ta kama ni. Mu 14 ne, da hujja a hannu, takardar halarta na nan. Da mun tsaya tare, magana ɗaya ce ta gyara na kowa. Duk wanda ya samu hanya ya fice, ragowar suka ƙara rauni. Ni da hannuna na rage musu mutum ɗaya.

40/ 'Yar TikTok ɗin nan ita ce ta fi kusa da mai hawa tebur na da, kuma ina girmama ta, don tana sa fuskarta a abin da mu maza muke tsoron sa suna. Amma ku lura da yadda ake yi: banɗakin da ya fito a bidiyo shi ake gyarawa, na kusa da shi yana nan yadda yake. Ranar da ta gama karatu ta tafi, wa zai ɗauka?

41/ Kar wani ya ce ina kiran a fita titi. A'a. Na karanta abin da harsashi ya yi a 1971, 1978 da 1986, kuma na ga fuskar Kawu lokacin da ya canza hira. Iyayen waɗancan yaran ba tarihi suka tura su nema ba, digiri suka tura su. Abin da nake so mu ɗauka daga wurinsu shi ne wanda ya zo kafin titi: sun san matsalarsu ɗaya ce.

42/ Kafteriya ba za ta dawo ba, amma har yanzu muna da abubuwan da suka haɗa mu: famfon da ba ya zuwa, sakamakon da ke ɓata, kuɗin rajista, wutar da ake ɗaukewa ana gobe jarrabawa. Waɗannan ba sa tambayar jiharka ko inda kake ibada. Takardar koke mai sa hannun mutum 200 daga sassa daban-daban ta fi wuyar jefawa a kwandon shara fiye da ta mutum ɗaya.

43/ Abubuwa ƙanana da ba sa buƙatar izinin kowa: nemi kundin tsarin ƙungiyar ɗaliban makarantarku ka karanta. In ana karɓar kuɗin ƙungiya a rajista, ka tambayi nawa aka tara, ina aka kai. In ɗan takara ya ce maka shi ɗan jiharku ne, ka ce masa madalla, to maganar ruwa fa? In wakilin ajinku ya kai koke, ku bi shi ku goma, kar a gan shi shi kaɗai.

44/ Ni dai na fara da abin da ke wuyana. Na nemi lambar wanda ya ƙara shekarar nan na kira shi na faɗa masa yadda nawa sakamakon ya fito. Ya yi shiru, sannan ya ce dama ya sani. Wannan zangon ƙannenmu na aji biyu sun shiga irin matsalar a wani kwas, su 9. Mun zauna da su mun rubuta takarda ɗaya. Sunana ne na farko a masu shaida.

45/ A nan zan tsaya. Wanda babansa ko mamarsa ko kakansa ya yi jami'a a wancan zamanin, don Allah ya tambaye su yadda abin yake a tasu makarantar, ya kawo mana a ƙasa, musamman iyayenmu mata da suka zauna a Amina Hall, don nasu labarin ba a cika jin sa ba. Ku ma ku yi tambayar nan a ɗakinku yau da dare, ku faɗa min amsar da aka ba ku.